Jar Fitila Sau Uku

Litinin, 13 ga Janairu, 7:40 na safe

Makulli ya ƙi ni yau. Na soka shi a kwamfuta, na ɗora yatsa, fitilar ta kawo ja. Na goge yatsan a wando na sake, ja. Nan na tsaya, don ni na tsara cewa na uku kullewa ne, kuma ba zan buɗe mako da abin kunya ba. Na je na haɗa kofi, na riƙe kofin har hannuna ya ɗau ɗumi, na dawo na gwada, ya ba da kore.

Sanyi ne. Kowa a Duluth hannunsa a bushe yake a wannan watan.

Bernice ce ta ba ni wannan littafin, wai in riƙa rubuta abin da na ci da yadda na ji, saboda likita. Yayata ce, shekara talatin tana aikin jinya, ba a musu da ita. To, na ci burodi da ayaba. Na ji daidai.

Talata, 14 ga Janairu, 8:15 na safe

Ja, ja, ja. Kwamfutata ta kulle, ƙararrawa ta buga a teburin Gus, taku biyar daga nawa.

Gus Lindahl mataimakina ne. Shekararsa ashirin da shida a kamfanin nan, da raba wa direbobi hanya ya fara kafin ya koyi kwamfuta da tsufansa. Ya juyo da kujerarsa, donat a hannu.

"Ranki ya daɗe, ga wani ɓarawo nan yana son shiga da sunanki. Har rigar sanyinki ya sato ya sa."

"Ba ni izinin kwana ɗaya, Dattijo, ka rage surutu."

"Dalili fa? Kin san gurbin ba ya yarda a bar shi fanko. Wata masifaffiya ce ta tsara shi haka."

"Rubuta makulli ya samu matsala."

Ya kalli makullin, ya kalle ni, ya rubuta.

Masifaffiyar ni ce. Bara wani ya bugo waya da muryar manajan sito, ya ce ya manta kalmar sirrinsa, aka sabunta masa. Kafin a farga ya karkatar da mota uku cike da kifi da cuku, har yau ba a gan su ba. Bayan nan Wendell Brekke, mai kamfanin, ya ce in yi duk abin da na ga dama. A Oktoba na soke kalmar sirri gaba ɗaya. Kowa yana da ɗan makulli kamar babban yatsa, ka soka, ka taɓa, ka shiga. Sauran ma'aikata in yatsa ya ƙi suna da lamba ta ko-ta-kwana. Mu biyu masu riƙe da ƙofar kowa, ni da Gus, na cire mana ita, na ce lamba ai kalmar sirri ce ta sake riga. Idan ɗayanmu ya kulle, ɗayan ne kaɗai zai ba shi izinin kwana ɗaya, kuma sai ya rubuta dalili na gaskiya. Wanda ya rubuta na ƙarya, kora ce. Doka ta bakwai. Da hannuna na buga ta, har na ja mata layi.

Alhamis, 16 ga Janairu, 4:30 na yamma

Hawa na uku. Bernice ta kai ni asibiti. A ofis na ce likitan haƙori.

Na nuna wa likita tafin hannuna. Ta ce e, maganin da nake sha yana yin haka, fata ta yi ja, ta saɓe, wasu har zanen yatsunsu ya shafe. Na ce me ya sa ba a gaya mini ba? Ta ce yana shafi na huɗu na takardar da aka ba ni tun Nuwamba. Ni da nake bin mutane ofis-ofis ina tambayarsu ko sun karanta doka kafin su sa hannu.

Abu ɗaya na tambaya a Nuwamba, ko yana zubar da gashi. Da ta ce a'a na ce shi nake so.

Na ci shinkafa kaɗan. Na ji daidai.

Juma'a, 17 ga Janairu, 8:05 na safe

Makulli ya samu matsala.

Talata, 21 ga Janairu, 12:20 na rana

Gus ya ɗauko mini sabon makulli daga akwati. Rajista ta ƙi ƙarewa, na'urar tana ta cewa in ɗaga yatsa in sake ɗorawa. Sau nawa na ɗora ban ƙirga ba. Ya ce, "Wannan ma ɗan gidan lalatattu ne ke nan," ya mayar da shi akwati bai dube ni ba.

Na fara sa safar hannu ta auduga a ofis. Na ce man shafawa nake hanawa ya ɓata takardu. Ba ƙarya ba ce.

Wendell ya leƙo da hantsi. Mutanen Chicago da za su sayi rabin kamfanin za su sa hannu ƙarshen Fabrairu, kuma shugaban tsaro ɗaya za su bari tsakanin namu da nasu. Ya ce, "Na gaya musu tawa ba ta da na biyu. Shekara tara ko mura ba ta taɓa kwantar da ita ba." Ya dafa mini kafaɗa. Na yi dariya yadda ya kamata.

Mutumin kirki ne Wendell, kuma kirkin nasa nake tsoro. Da Pauline ta ofishin ɗaukar ma'aikata ta kwanta shekarar bara, kullum sai ya ce a rage mata nauyi. Aka rage, aka rage, har ya zamana ba abin da ya saura a teburinta sai katin gaisuwa. Da kanta ta rubuta takardar ajiye aiki, aka yanka mata kek. Ni ba na son kek. Ina son in kai ƙarshen Fabrairu da sunana a ƙofar nan, da inshorar asibitin da ke bin sunan.

Laraba, 22 ga Janairu, 8:10 na safe

Ja uku. Yanzu ko magana ba ma yi. Ƙararrawa ta buga, Gus ya ajiye kofinsa, ya buga ƴan kalmomi, lambar ta iso wayata. Ya ce, "An yi sanyi." Na ce an yi.

Alhamis, 23 ga Janairu, 6:15 na yamma

Makon hutun magani ya fara. Bernice ta zo da miyar kaza. Kuskurena da na ba ta labarin makullin a matsayin abin dariya. Ba ta yi dariya ba.

"Wa ke rubuta dalilin, ke ko shi?"

"Shi. Haka tsarin yake."

"Da sunan wa yake shiga rajista?"

"Yaya, ki bar maganar nan, ba fanninki ba ne."

"Fannina ne mana. Mu ma a asibiti wanda ya sa hannu shi ake kamawa, ba wanda ya ce a sa ba. Kin ɗora wa bawan Allah kayanki, Lorraine, ko gaya masa mene ne a ciki ba ki yi ba."

Na ce miyar ta yi gishiri. Ta ce bakina ne, kuma na sani.

Litinin, 27 ga Janairu, 7:55 na safe

Kore a gwaji na biyu. Na ji daɗi kamar yarinya, har na ce wa Gus ni zan sayi donat. Ya ce a kira ƴan jarida.

Laraba, 29 ga Janairu, 1:00 na rana

Jiya ja, yau ja.

Gus ya rufe ƙofar ofis, abin da ba ya yi. Ya ce, "Cire safar nan ki ba ni hannun hagu." Na ce me zai yi da shi? Ya ce shi dai in ba shi. Na cire. Ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya da fitilar wayarsa kamar mai duba tayar mota, ya tsaya a ƙaramin.

"Wannan ɗan autan bai san abin da yayyensa ke ciki ba. Mu yi masa rajista."

Ya shiga a gwajin farko. Na ce na gode. Ya ce, "Joyce ta ce in gaya miki man da ake shafa wa nonon saniya ya fi duk na kanti. Ban san me ya sa ta ce in gaya miki ba, ni ɗan aike ne." Joyce matarsa ce. Ban tambaye shi me ya gaya mata ba, shi ma bai tambaye ni komai ba. Da ya tambaya da na faɗa. Haka nake gaya wa kaina.

Alhamis, 30 ga Janairu, 4:45 na yamma

Hawa na uku. An ci gaba da ƙwayoyi, huɗu da safe huɗu da yamma. Na ji daidai.

Litinin, 3 ga Fabrairu, 5:20 na yamma

Kamfanin inshora ya turo mai bincike, kamar yadda aka saba kafin a sayar da hannun jari. Na san da zuwanta tun Disamba, ni na cike ranar a kalanda. Kendra Whitlock sunanta, doguwa, ba ta shan kofinmu, da nata ruwan zafin take zuwa. Ta yaba tsarina. Ta ce kamfanoni masu ninki goma namu ba su kai nan ba. Na kumbura kamar fanke.

Da la'asar ta nemi rajistar izinin kwana ɗaya. Na ba ta. Me zan ce, babu?

Talata, 4 ga Fabrairu, 3:30 na yamma

An yi taro.

Talata, 6:50 na yamma

Bari in rubuta yadda aka yi, tunda ba mai karantawa.

Mu huɗu a ɗakin taro, Wendell da Mis Whitlock da Gus da ni. Ta juyo mana da kwamfutarta. Izini goma cikin mako biyu da ɗoriya, duk a kan asusun da ya fi kowane iko a kamfanin, wato nawa. Duk hannu ɗaya ya bayar, duk dalili ɗaya. Ta ce ta gwada makullin da aka ce ya samu matsala, lafiyarsa lau. Ta ce idan ana son satar ƙofar kamfani daga ciki, kamanninta ke nan: wani ya kulle asusun shugaba da gangan, ya buɗe da lambar da shi ya ƙirƙira, ya ga lambar kafin mai ita ta gani.

Wendell ya ce, "Haba, Gus ne fa. Ya riƙe mini ɗana a coci ranar baftisma."

Ta ce ba ta zargin kowa, tambaya take. Ta juya ga Gus. "Mista Lindahl, ka san makullin ba shi da matsala lokacin da ka rubuta haka?"

Ya ce, "Na sani."

"To me ya sa ka rubuta?"

"Haka na ga ya dace."

Ta juyo gare ni. "Mis Petrak, ke kika nemi izinin duk sau goman?" Na ce e, ni ce, yatsa ne ke ƙin shiga saboda sanyi. Ta ce ta duba, mutum ɗari da arba'in suna cikin sanyin nan, har da masu aiki a ɗakin ƙanƙara, ba wanda ya kulle fiye da sau ɗaya. Ta ce ko akwai abin da zan ƙara?

Hannuwana suna ƙarƙashin tebur. Na ce babu.

Ban ce shi ya ƙirƙiri dalilin ba. Ban kuma ce ni na ba shi ba. Ba wanda ya yi mini wannan tambayar.

An dakatar da Gus har a gama bincike. Doka ta ce shugabar tsaro ce ke karɓar makullin wanda aka dakatar, a gaban shaida. Ya ciro shi daga zoben makullan motarsa, ya sha wahala da farce kafin ya fita, ya ɗora a tafin safata. Ya ce, "Akwai sabunta na'urorin sito ranar Alhamis, kar ki manta. Ki fara da ta ƙofar baya, ita ce mai taurin kai."

Laraba, 5 ga Fabrairu, 8:00 na safe

Ɗan auta ya shigar da ni. Kore.

Ban ci komai ba.

Laraba, 12:40 na rana

A ɗakin cin abinci na ji wani direba yana cewa dama shi tun satar bara yake zargin na ciki ne. Wani ya ce Gus ya sayi sabon kwalekwale a bazara. Kwalekwalen surukinsa ne, na sani, na taɓa shiga. Na tsaya da kofi a hannu a bakin ƙofa, suka gan ni suka sauya magana, na wuce. Ni da na taɓa tsayar da taron ma'aikata gaba ɗaya don wani ya manna lambarsa a jikin kwamfuta.

Mis Whitlock ta same ni a baranda. Ta ce ranar Juma'a ƙarfe biyar za ta aika rahoto hedikwatarsu da Chicago. Ta ce, "Ƙofata a buɗe take kafin nan." Idonta ya sauka kan safata ya tashi. Na ce na gode, zan duba in akwai wata takarda.

Alhamis, 6 ga Fabrairu, 9:30 na safe

Lissafin da nake yi ke nan. Za su bi sawun duk abin da aka yi da izinin goman, za su ga aikina ne na kullum, ba abin da ya fita. Za su wanke Gus daga sata. Sauran maganar dalili ce kawai, Wendell ba zai kori mutum a kan kalma huɗu ba. A ja masa kunne, ya dawo. Ni kuma in kai ƙarshen wata. Mako uku ne.

Na karanta abin da na rubuta. Yana da ma'ana.

Na fara da na'urar ƙofar baya. Tana da taurin kai.

Alhamis, 5:50 na yamma

Na buga wa Gus. Joyce ta ɗauka. Ta ce yana gareji yana gyara injin share ƙanƙara wanda ba abin da ya same shi. Ta ce, "Ya hannun?" Na ce da sauƙi. Ta ce, "Shekara biyu suka rage masa ya yi ritaya, Lorraine. Ban ce ki yi komai ba. Ya hana ni cewa." Na ce ina kan duba lamarin. Kunya ta kama ni har kunnuwana suka yi zafi, don wannan ita ce amsar da nake ba masu tallar manhaja.

Juma'a, 7 ga Fabrairu, 2:10 na rana

Na je har ƙofar ɗakin da aka ba Mis Whitlock. Wendell na ciki, suna waya da Chicago, na ji sunana, na ji ana cewa gogaggiya. Na juya na shiga banɗaki na wanke hannu, abin da likita ta ce in rage.

Juma'a, 5:05 na yamma

Motarta ta fita.

Asabar, 8 ga Fabrairu, 11:00 na safe

Ban tashi ba sai yanzu. Tafin ƙafa ma ya fara.

Lahadi, 9 ga Fabrairu, 3:15 na yamma

Bernice ta zo bayan coci, ta tarar da kwanuka, ta wanke, sannan ta wanke ni tas. Ban san wa ya gaya mata ba, garin nan ƙarami ne.

"Kin san me ya fi ba ni haushi? Ba tsoron ba. Tsoro kam kin cancanci ki ji, ni ma ina ji, ba na barci saboda ke. Amma kin ɗauki tsoronki kin ba wani ya riƙe miki, ya riƙe, aka kama shi da shi, kika tsaya kina kallo."

"Idan na faɗa sun gama da ni, Yaya."

"Wataƙila. Shi fa?"

Na yi kuka, na farko tun Nuwamba. Ba ta rarrashe ni ba, ta miƙo mini tawul ɗin kwanuka ta ci gaba da goge murhu. Da za ta tafi ta sumbaci kaina ta ce in ci wani abu.

Ban ji daidai ba. Likita ta karanta wannan in tana so.

Litinin, 10 ga Fabrairu, 11:30 na safe

Na faɗa.

Na sa Wendell ya kira Mis Whitlock ta bidiyo. Na cire safar biyu na ajiye a tebur, na ɗaga hannuwana gaban kyamara. Na soka makulli na ɗora manuniya, ja, na sake, ja. Na faɗi sunan abin, ciwon daji, da sunan maganin, da ranar da aka fara. Na ce ni na ce wa Gus ya rubuta makulli ya samu matsala, ranar sha huɗu ga Janairu, ƙarfe takwas da kwata, kuma bai taɓa tambayata dalili ba don ya rufa mini asiri. Na jero su daki-daki. Kamar ina karanta rahoton wata.

Wendell ya rufe fuska da hannu. Ya ce, "Lorraine, don Allah, me ya sa ba ki gaya mini ba? Da mun rage miki..." Na ce kar ya ƙarasa.

Mis Whitlock ta ce ta yi mini jaje, kuma da gaske take, na gani. Sannan ta ce rahoto ya tafi ranar Juma'a. Da ta ji wannan kafin ƙarfe biyar, da layi ɗaya za ta rubuta, a gyara tsari don masu larura, shi ke nan. Yanzu abin da ke gaban hedikwata shi ne ma'aikaci mai iko ya amsa da bakinsa ya rubuta ƙarya sau goma, shugabarsa kuma ta ce ba ta da abin ƙarawa. Za ta aika ƙarin bayani yau. Ba ta yi alkawari ba.

Na ce to ni ce mai laifin, a rubuta sunana. Ta ce, "Zan rubuta. Amma rajista hannunsa ta sani. Dokarku ce, Mis Petrak, ba tamu ba. Mu dai sharaɗinmu shi ne kamfani ya bi dokar da ya nuna mana."

Laraba, 12 ga Fabrairu, 10:20 na safe

Na cike takardar neman a ba ni lamba a madadin yatsa. Kwana biyar na aiki kafin a amince, kuma sai wani kamfani a Minneapolis ya tantance, don kada wani ya yi wa kansa alfarma. Wendell ya ce a tsallake. Na ce da idon inshora a kanmu? Ya bar maganar.

Na rubuta wa hedikwatar inshora shafi biyu. Na rubuta wa Chicago. Na ce wa Wendell ya kore ni ya bar Gus. Ya ce lauya ya ce ko da wasa kar ya taɓa ni yanzu, mai jinya ce, kotu za ta cinye shi. Chicago ma haka suka ce, har sun aiko da gaisuwa. Kujerar tawa ce, in ji su, in ɗauki duk lokacin da nake buƙata.

Wato abin da na ɓoye shi ne ya tsare mini aikin. Na zauna a mota a wurin ajiye motoci na yi ta kallon sitiyari.

Juma'a, 14 ga Fabrairu, 4:00 na yamma

An wanke Gus daga sata. An sallame shi a kan doka ta bakwai. Wendell ya yi ƙoƙari, ya samo masa a kira shi ritayar wuri, da abin da ya sawwaƙa. Inshorar asibitinsu shi da Joyce za ta tsaya ƙarshen Maris.

Ya zo kwashe kayansa da kwali ɗaya. Na tashi tsaye, na rasa inda zan sa hannuwana.

"Dattijo."

"Ranki ya daɗe."

"Na makara."

"Kin makara," ya ce, yana naɗe wayar cajarsa. Bai ce "ba komai" ba, kuma na gode masa da bai ce ba. Ya sa hoton jikokinsa a kwalin, ya sa kofinsa, ya ciro kofin ya duba gindinsa ya ce na kamfani ne, ya ajiye.

Na ce, "Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar sabon makulli. Ƙanwar Joyce ta sha irin maganin." Ya ɗaga kwalin. "Sau goman nan ba na nadamarsu, ki sani. Ko yau aka dawo zan rubuta. Ranar Talatar nan ce dai, da ta tambaye ki ko akwai ƙari. Na ɗauka za ki ce wani abu. Ba sai kin faɗi ciwon ba, ki ce ni na sa shi, shi ke nan."

Na bi bayansa.

A ƙofa ya tsaya ya ce, "Me likita ke cewa?" Na ce sai an ɗauki hoton asibiti a watan Maris. Ya gyaɗa kai ya ce Joyce tana sa ni a addu'a. Na riƙe masa ƙofa da gwiwar hannu ya fita.

Litinin, 17 ga Fabrairu, 8:05 na safe

Takardata ba ta fito ba, sai Laraba. Wanda Chicago za su turo ya maye gurbin Gus sai wata mai zuwa.

Aikin farko a jerin yau, in goge sunan Gus Lindahl daga tsarin. Ni kaɗai ke da ikon yi.

Na soka makulli. Ɗan auta ya saɓe tun Asabar. Ja. Na riƙe kofi har hannuna ya yi ɗumi. Ja. Na san in tsaya nan, na daɗe ina kallon fitilar, sannan na ɗora.

Ƙararrawa tana bugawa a teburinsa. Na tsara ta ne kada ta yi shiru sai mutum na biyu ya zo ya amsa. Minti ashirin ke nan, ina zaune ina ji.